Yadda Ake Adana Mafin Da Kwaɓinsa A Zafi Da Danshin Kudu



Ni ɗan mai fataucin shanu ne, a Agege aka haife ni, tun ina ƙarami nake bin Baba zuwa mayankar Oko-Oba. Wani zai ce to me ya haɗa ɗan kara da maganar kek? Yayata ce ta haɗa mu. Shekara uku ke nan tana gasa mafin a gida, ni ke rarraba wa masu shayi da 'yan tireda da sassafe kafin in wuce wajen shanu, ni ke kuma kwaso wanda bai shiga ba. Duk wanda ya lalace ni nake fara gani, ni nake shan faɗan mai shayi.

Bara cikin watan Yuni, lokacin da ruwa ya fi tsananta a Legas, aka ba ta aikin suna guda 120. Ta gasa ranar Laraba da daddare don ta rage wa kanta aiki, suna kuwa sai Asabar. Gajiya ta sa ta zuba su a manyan ledoji da sauran ɗuminsu ta ɗaure. Ranar Asabar da asuba muka kwance, saman ya yi danƙo yana kama hannu, na ƙasa sun fara ɗigo-ɗigon hunhuna. Kuɗin fulawa, ƙwai, suga da gas duk sun tafi, mai sunan kuma har yau ba ta sake kiranta ba. Tun daga ranar na dage da karatu da gwaji. Abin da na tattara ke nan, don kada wata ta faɗa ramin da muka faɗa.

Mene ne mafin?

Mafin ƙaramin kek ne da ake gasawa a gwangwani mai ramuka, galibi 6 ko 12, kowanne cikin 'yar takardarsa. Irin wanda muke sayarwa ɗan Amurka ne. A Ingila akwai wani abu daban mai wannan sunan, shi da yis ake kwaɓa shi, a kan faffaɗan kasko ake gasa shi, ya fi kama da gurasa. Ba shi nake nufi ba.

Mutane da yawa suna haɗa mafin da kofkek, amma kwaɓinsu ya bambanta. Kofkek ana buga bota da suga ne har su yi fari, ya fi zaƙi, sau da yawa a yi masa kwalliya a sama. Shi mafin, kayan gari ake haɗawa a kwano ɗaya, kayan ruwa a wani, sannan a juye wuri ɗaya a ɗan juya kawai. Abin da ke tayar da shi bekin foda ne ko bekin soda, ba yis ba. Wani Bature mai haɗa magunguna a Birmingham, Alfred Bird, shi ya haɗa bekin foda a 1843 saboda yis ba ya karɓar matarsa. Ku riƙe wannan bambanci na yis da foda, domin shi ne tushen maganar ajiye kwaɓi da za mu zo kanta.

Abubuwa uku da ke ɓata shi

Na farko bushewa da tauri. Ba iska ce kaɗai ke jawo shi ba. Sitacin da ke cikin fulawa yana laushi idan ya sha ruwa da zafi, da ya huce kuma sai ya fara komawa ya haɗe jikinsa a hankali. Shi ya sa ko an rufe mafin ruf, bayan 'yan kwanaki sai ka ji yana marmashewa a baki. Irin abin da ke faruwa da tuwon shinkafa ne idan ya kwana.

Na biyu danƙon sama. Suga yana jawo ruwa daga iska da kuma daga cikin mafin ɗin kansa. A Kano ko Sakkwato cikin rani ba kasafai ake ganin wannan ba. A Legas, Fatakwal, Warri ko Kalaba kuwa, inda danshin iska kan haura kashi 80 cikin 100 a damina, kwana ɗaya ya isa.

Na uku hunhuna da ƙwayoyin cuta. Su abin da suke so ke nan: ɗumi, danshi da abinci. Mu a nan ukun duk suna nan kusan shekara gaba ɗaya.

To ga inda matsalar take. Maganin bushewa shi ne a rufe, rufewar kuma ita ke tara gumin da ke kawo danƙo da hunhuna. Duk dabarar ajiya a tsakanin waɗannan biyun take.

Hucewa kafin komai

Duk mahauci ya san ba a ɗaure nama a leda da ɗuminsa, sai an bar shi ya sha iska, in ba haka ba kafin la'asar ya canja wari. Wallahi haka mafin yake. Idan an sauke, a bar shi cikin gwangwani kamar minti 5, kada ya wuce haka, domin gindinsa zai yi gumi. Sai a ciro a jera a kan raga yadda iska za ta ratsa ta ƙasa. Wadda ba ta da raga ta yi amfani da ragar cikin oba, ko ta kifa kwandon tsane kaya mai tsabta ta jera a kai. Kada a ɗora wani kan wani.

A ba shi awa ɗaya cur. Hanyar ganewa ita ce a ɗora gindin mafin a bayan hannu. Idan an ji ko ɗan ɗumi, bai yi ba. A rufa masa ragar ƙuda ko siririn mayafi mai tsabta, ban da leda. Mai gasawa da dare ta lissafa wannan awa ɗayan cikin lokacin aikinta, domin barcin wannan awar ne ya ci mana guda 120.

Ajiya a ɗaki

Wannan ita ce ajiyar da ta fi dacewa da wanda za a ci ko a sayar nan kusa. A sami roba mai murfi mai kamawa, busasshiya ƙarau. A shimfiɗa tishun kicin a ƙasa, a jera mafin layi ɗaya, a sake rufa tishu a sama, sannan a rufe. Tishun shi ke shanye gumin. Kowace safiya a taɓa, in ya yi laima a canja.

Littattafan girkin Turawa za su ce maka kwana 3 zuwa 4. Wannan lissafin ƙasar sanyi ne. Abin da muka gani a Agege shi ne: mafin zalla, wanda ba a sa masa komai ba, kwana 2 cikin damina, kwana 3 idan gari ya bushe. Mai ayaba, karas, abarba ko kwakwa ɗanya, ruwansa ya fi yawa, a ci shi ranar ko washegari. Wanda aka yi wa kwalliya da kirim ɗin madara ko cuku, shi kam ba ya zaman ɗaki, sai firij.

Lokacin hunturu, Disamba zuwa Janairu, labari yana juyawa. 'Yan Ibadan da Inugu sun fi mu jin sa. A lokacin bushewa ce abin tsoro, don haka a rage tishu zuwa na ƙasa kawai, a tabbata murfi ya kama.

A nisanta robar daga murhu, taga mai rana da bayan firij, domin wurin yana fitar da zafi. Idan kiyashi ya dame ku, a zuba ruwa a faranti, a kifa ƙaramin kwano a tsakiya, a ɗora robar a kai.

Abu ɗaya game da kwaɓi da ke taimakon ajiya: mafin da aka yi da man gyaɗa ya fi daɗewa da laushi a kan na bota, saboda bota tana daskarewa idan ta huce, mai kuwa yana nan a ruwansa.

Maganar firij

Nan ne mutane suka fi kuskure. Haɗewar sitacin da na faɗa ta fi sauri a sanyin firij, wato 'yan digiri kaɗan sama da daskarewa. Mafin da ya kwana biyu a firij ya fi wanda ya kwana biyu a ɗaki tauri. Firij yana jinkirta hunhuna, amma yana gaggauta bushewa.

Saboda haka ba a sa shi a firij sai da dalili: mai kirim, mai 'ya'yan itace da ake so ya kai kwana 3 ko 4, ko lokacin da zafi da danshi suka yi yawa kuma babu firiza. In za a sa, a naɗe kowanne, a zuba a roba mai murfi, a ɗumama kafin a ci.

Firiza ita ce ma'ajiyar gaske

A digiri 18 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, wanda shi ne sanyin firiza mai lafiya, hunhuna ba ta girma, tauri ma kusan tsayawa yake. Mafin yana kai wata 2 zuwa 3 da daɗinsa. Da Yaya ta san wannan, da aikin sunan nan bai ɓaci ba.

A sa shi ranar da aka gasa, da zarar ya huce, ba sai ya kwana biyu an ga bai shiga ba. Firiza tana riƙe abu ne yadda aka kawo mata shi, ba ta gyara wanda ya fara tafiya. A naɗe kowanne da siririyar ledar naɗe abinci, a zuba a leda mai kauri, a matse iska, a ɗaure, a rubuta kwanan wata a jiki.

Ga gargaɗin ɗan kara. Firizar gidajenmu ba ta rabuwa da nama, kifi, kayan ciki da markaɗe. Maiƙon da ke cikin mafin yana ɗaukar wari, don haka bayan leda a ƙara da roba mai murfi. Kuma kullum mafin a sama, ɗanyen nama a ƙasa. Idan wuta ta daɗe ba ta dawo ba nama ya fara saki, ruwan jininsa ƙasa yake bi. Naman za a dafa, mafin kuwa haka za a ci shi. Wadda take ajiya a firizar maƙwabta ko ta haya ta fi kowa bukatar kiyaye wannan, tunda ba ta san abin da za a ɗora a kan kayanta ba.

In an ɗauke wuta fa? Ma'aikatar aikin gona ta Amurka ta ba da ƙiyasi cewa firij yana riƙe sanyi kamar awa 4 idan ba a buɗe shi ba, firiza cikakkiya awa 48, wadda take rabi awa 24. Da zafinmu gara a rage wani abu daga ciki. Darasin dai shi ne firiza cikakkiya ta fi riƙe sanyi, don haka a cike gurbin da ya rage da ledojin fiya wota ko robobin ruwa su daskare, a kuma hana yara buɗewa. Mafin da ya saki gaba ɗaya, a fitar a ci ko a sayar a ranar. Maimaita daskarewa da saki yana jiƙa shi ya lalata shi.

Wajen fitarwa, a bar shi cikin naɗinsa ya saki a ɗaki, awa ɗaya zuwa biyu. Raɓar da za ta taru sai ta tsaya a kan leda, ba a kan mafin ba. Bayan nan a kwance.

Ɗumamawa

Zafi yana warware taurin sitaci na ɗan lokaci. A oba, digiri 150 zuwa 160 na minti 5 zuwa 10. A maikirowef, daƙiƙa 15 zuwa 20. Wadda ba ta da ko ɗaya ta ɗora busasshiyar tukunya a wuta kaɗan, ta sa murfin gwangwani ko 'yan duwatsu a ƙasa, ta jera mafin a kai ta rufe na 'yan mintuna. Sai dai wanda aka ɗumama a ci shi nan take, domin in ya sake hucewa ya fi da tauri. Kuma ɗumamawa maganin tauri ce kawai, ba ta gyara wanda ya yi hunhuna.

Ajiye kwaɓi

Tambayar da mata suka fi yi wa Yaya ita ce, "Zan iya kwaɓawa da daddare in gasa da asuba?" Amsar tana ga abin da aka sa na tashi.

Bekin soda, da zarar ta haɗu da abu mai tsami kamar nono, yogot ko lemon tsami, nan take take sakin iskarta. Idan kwaɓin ya zauna, iskar ta fice, mafin ya fito a dunƙule kamar dutse. Kwaɓin da soda kaɗai ke tayar da shi, a gasa shi yanzu-yanzu.

Bekin foda kuwa, yawancin na kasuwa mai aiki sau biyu ne: kaɗan idan ya jiƙe, sauran sai ya ji zafin wuta. A duba jikin gwangwani, ana rubutawa. Irin wannan kwaɓin yana kwana a firij lafiya lau. Har ma da riba, domin fulawa tana shan ruwa sosai, kwaɓin ya yi kauri, mafin ya tashi da tozo mai kyau. Mu awa 24 muke tsayawa. Akwai masu kai shi kwana 2, amma tashin yana raguwa.

Sharuɗansa huɗu ne. Firij ya kasance da sanyin digiri 4 ko ƙasa, kuma wuta ta kwana. A rufe kwanon ruf. Da safe kada a sake juyawa, a ɗiba a hankali a zuba, domin juyawa tana fitar da iska tana kuma sa mafin ya yi tauri kamar roba. Ayaba da sauran 'ya'yan itace a bar su sai lokacin gashi, in ba haka ba su yi baƙi su saki ruwa.

Kwaɓi a ɗaki fa? A tuna ɗanyen ƙwai ne da madara a ciki. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60. Ƙa'idar masana lafiyar abinci ita ce kada irin wannan ya wuce awa 2 a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuma awa 1. Kicin da oba ke kunne a Legas cikin Maris ya wuce haka. Wannan ya shafi masu ƙaramar oba da masu gasawa a tukunya da yashi, waɗanda ke yin zubi biyar ko shida. Kada a kwaɓa duka lokaci ɗaya, a riƙa kwaɓa na zubi biyu-biyu. Kuma a hana yara lasar kwano. Ba ƙwai kaɗai ba, ita kanta fulawa ɗanyen abinci ce, tana iya ɗauke da ƙwayoyin da ke sa gudawa.

Ana iya daskarar da kwaɓi: a zuba a takardun mafin cikin gwangwani, a sa a firiza ya daskare, a ciro a ɗaure a leda. Ranar gashi a mayar cikin gwangwani a daskare, a ƙara kamar minti 5 a kan lokacin da aka saba. Amma wannan na masu tsayayyiyar wuta ne ko sola. Idan layinku irin namu ne, gara a daskarar da gasasshe, domin shi in ya saki ana ci, ɗanyen kwaɓi kuwa in ya saki ya ɗumama cikin dare sai bola.

Busasshen haɗi ya fi komai

A ganina wannan ita ce dabarar da ta fi dacewa da mu, domin ba ta bukatar Nepa. Abin da ya sa kilishi ke daɗewa, nama kuma ba ya kwana, ai ruwa ne. To a ajiye kwaɓin tun ruwa bai shige shi ba.

Na guda 12: fulawa kofi 2, suga rabin kofi, bekin foda cokalin shayi 3, gishiri rabin cokalin shayi. A tankaɗe tare, a ɗaure a leda, kowane zubi da ledarsa, a zuba ledojin a bokiti mai murfi. Da asuba sai a fasa ƙwai 2, a zuba madara kofi 1 da mai sulusin kofi, a juye haɗin a ɗan juya. Minti 5 an gama. A oba mai digiri 190, kamar minti 20 ya gasu. Yaya takan ɗaure na mako guda ranar Lahadi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Danshi yana kashe bekin foda tun a gwangwani, don haka a riƙa gwadawa. A zuba cokalin shayi ɗaya a rabin kofin ruwan zafi. In ya taso da kumfa nan take yana da rai, in ya yi shiru a zubar. Soda kuma da ruwan lemon tsami ake gwada ta. Kada a sa jiƙaƙƙen cokali a ciki.

Kada a kwatanta da ƙullun waina

Iyayenmu mata sun saba ƙullun waina da kwaɓin fanke su zauna su tashi, shi ya sa wasu ke zaton na mafin ma zama zai ƙara masa. A'a. Yis abu ne mai rai, yana cin suga yana ta sakin iska, in ya wuce lokaci ƙullu ya yi tsami har sai an sa masa ruwan kanwa. Foda kuwa ba ta da rai, iskar da ke cikinta ƙayyadaddiya ce, in ta fita ta fita ke nan.

Alamomin da ke cewa a zubar

Ɗigon fari, kore ko baƙi, ko da guda ɗaya ne. Kada a yanke wurin a ci saura, domin a abu mai laushi irin wannan saiwar hunhuna tana shiga ciki inda ido ba ya gani. Waɗanda suke roba ɗaya da shi ma abin zargi ne. A wanke robar da ruwan zafi da sabulu, a shanya ta bushe.

Sai yauƙi. Idan ka raba mafin biyu ka ga tsakiyar ta yi danƙo tana jan zare, yana wari kamar 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce, wata ƙwayar cuta ce da zafin oba ba ya kashe irinta, ɗumi da danshi ke tayar da ita. Masu gidan burodi sun san ta sarai. Sai kuma warin tsami ko na tsohon mai.

Ga masu sayarwa

Akwatin gilashi kada ya zauna a rana, kuma kada mai shayi ya ajiye shi kusa da tukunyarsa. In ka ga gumi a jikin gilashin, kaya sun fara tafiya. Na jiya a gaba, na yau a baya. Gara ka kai wa mai shayi 20 kullum da ka jibge masa 60 na kwana uku. Wanda ya dawo yana da alamar lalacewa, kada a rage kuɗi a tura wa yara ko almajirai. Ribar guda goma ba ta kai kuɗin asibiti ba, balle haƙƙi.

A taƙaice: a huce awa 1. A ɗaki kwana 2, da tishu sama da ƙasa. Firij sai dole. Firiza wata 2 zuwa 3, a saman nama. Kwaɓin foda awa 24 a firij, na soda a gasa nan take, a waje kuma kada ya wuce awa 1 zuwa 2. Wanda ba shi da tabbacin wuta ya riƙe busasshen haɗi.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya tsare mu da asara.